"Ai Wuni Nake a Tsaye": Yadda Baki Ke Kuskuren Auna Motsa Jiki, da Yadda Masana Ke Gyara Lissafin



Akwai tambayar da likita ke yi wa duk wanda aka samu da hawan jini ko ciwon suga: "Kana motsa jiki kuwa?" Amsar mutanenmu kusan iri ɗaya ce: "Haba likita, ai wuni nake a tsaye." Mai shago zai faɗa, dillali zai faɗa, direba ma zai faɗa. Kuma ba da nufin ƙarya suke faɗa ba, don sun san irin gajiyar da suke kwana da ita. Sai dai idan aka ɗaura wa mutum na'urar da ke ƙirga motsi, sau da yawa abin da ta nuna da abin da bakinsa ya faɗa sai ka rantse mutum biyu ne daban.

Ni ɗan Daɗin Kowa ne a nan Jos, mahaifina fataucin shanu yake yi daga Kara ta Bukuru zuwa kasuwanninku na Kudu. Karatuna a sakandare ya tsaya, amma na tashi cikin sana'ar da kullum ake ƙiyasta nauyin dabba da ido, shi ya sa wannan magana ba ta zo mini a baƙuwa ba. Abin da nake so in bayyana shi ne: amsar baki sikeli ce mai karkata. Masana ba sa jefar da ita, gyara ta suke yi da lissafi. Wanda ya gane yadda ake gyaran, zai iya yi wa kansa awon gaskiya.

Daga ina lambobin ke fitowa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a ƙa'idar da ta fitar a 2020 ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a sati, irin tafiyar saurin da ke sa numfashi ya ɗan ƙaru, ko kuma minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani irin gudu ko ƙwallo. A 2024 kuma ta ce kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ƙa'ida ba a 2022. To ta yaya aka sani? Ai ba wanda ya bi mutum biliyan ɗaya da agogo. Wasu daga cikinsu aka zaɓa a ƙasashe daban-daban aka yi musu tambayoyi.

Ɗaya daga cikin takardun tambayoyin da aka fi amfani da su ita ce IPAQ. Masana ne suka fara tsara ta a wani taro a Janeba a 1998, aka gwada ta a ƙasashe 12, aka wallafa sakamakon a 2003. Gajerarta tambaya bakwai ce kawai. Za a ce maka: cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa ka yi aiki mai tsanani, kuma minti nawa a rana? Haka za a tambaye ka kan aiki matsakaici, da tafiya a ƙafa, da lokacin da ka shafe a zaune. Daga nan sai a ninka. Kowane minti na tafiya makinsa 3.3, na aiki matsakaici 4, na mai tsanani 8. Kun ga ke nan idan mutum ya kira aikinsa "mai tsanani" alhali matsakaici ne, makinsa ya ninka biyu nan take ba tare da ya ƙara taku ko ɗaya ba.

Su kansu masu takardar sun san baki na zarcewa. A ƙa'idar lissafinsu, wanda ya ce yana yin abu fiye da minti 180 a rana ana yanke masa a 180 ne, wanda kuma jimillarsa ta haura awa 16 a rana ana ajiye amsarsa gefe.

Da aka kawo sikeli, me aka gani?

Sikelin a nan wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana girma ba, ana ɗaura ta a ƙugu, tana rubuta kowane motsi minti bayan minti har tsawon kwanaki. Ana ce mata akselaromita.

A Ingila, binciken lafiya na ƙasa na 2008 ya yi duka biyun. Da baki, kashi 39 cikin 100 na maza da kashi 29 na mata sun cika ƙa'ida. Da aka duba waɗanda aka ɗaura wa na'ura, maza kashi 6 ne, mata kashi 4. A Amurka, bayanan 2005 zuwa 2006 sun nuna kashi 62 da baki, amma ƙasa da kashi 10 da na'ura. A 2011 wasu masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa gajerar IPAQ a wurare da dama, suka ga cewa a matsakaici tana ƙara wa motsin mutane kashi 84 cikin 100 a kan abin da na'ura ta gani.

Kada wani ya ce ai wannan halin Turawa ne. An gwada a gida ma. A Jami'ar Maiduguri, Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa sun fassara gajerar IPAQ zuwa Hausa, suka gwada ta a kan mutum 102, suka wallafa a 2011. Fassarar ta yi kyau, don amsar Hausa da ta Turanci sun dace sosai. Amma da aka yi wa mutum ɗaya tambaya sau biyu, sai aka ga abin lura. Masana na auna dacewar amsa biyu da lamba daga 0 zuwa 1, inda 1 ke nufin sun zo daidai cif, 0 kuma babu alaƙa. A aiki mai tsanani an samu 0.73. A aiki matsakaici 0.33 kacal. Ma'ana, mutum na iya tuna ranar da ya buga ƙwallo, amma 'yan ayyukan yau da kullum suna narke masa a kai. A 2014 suka sake wani bincike a kan mutum 144, wannan karon da na'ura a ƙugu, kuma dacewar baki da na'ura ta fito da rauni.

Kuskure iri biyu ne

Don a gane gyaran da masana ke yi, sai an raba kuskure gida biyu. Misalin da ya fi fito da shi daga kasuwar dabbobi ya zo. A 1906 an yi bikin nunin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, aka kawo wani ƙosasshen sa, aka ce jama'a su canki nauyin namansa bayan an yanka an gyara. Wani masani, Francis Galton, ya karɓi takardun canki 787 ya jera su daga ƙarami zuwa babba. Cankin da ya faɗo a tsakiya laba 1,207 ne. Da aka ɗora naman a sikeli, laba 1,198 ya yi, wajen kilo 543 ke nan. Bambancin wajen kilo huɗu ne kawai.

Me ya kawo haka? Kusan kowa ya yi kuskure, amma wani ya zarce, wani ya gaza, sai kurakuran suka cinye juna. Wannan shi ne kuskure mai warwatsuwa, kuma maganinsa yawa ne: ƙara yawan masu canki, sai ya ragu.

Yanzu ku ɗauka cewa duk mutum 787 ɗin nan masu sayar da san ne, kowa na da kaso a kuɗin. Duk wanda ya taɓa zama a Kara ya san abin da zai faru. Idon mai sayarwa ƙara wa sa nama yake yi, idon mahauci kuma ragewa. Idan duk masu canki gefe ɗaya suke, ko ka tara dubu goma ba za ka kusanci gaskiya ba, sai dai ka ƙara samun tabbaci a kan lambar da ba daidai ba. Wannan shi ne kuskure mai karkata, kuma yawa ba ya maganinsa. Sikeli kaɗai ke tona shi.

Amsar motsa jiki tana ɗauke da duka biyun. A kan jikinsa kuwa, kowa mai sayarwa ne.

Inda bakin mutanenmu ke karkata

Na farko, mu ba da minti muke lissafin wuni ba. Da sallah muke yi: daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba. Dillali zai ce ya yi zirga-zirga daga hantsi har azahar, mai tambaya ya rubuta awa huɗu. Amma a cikin awa huɗun nan akwai zaman benci, da ciniki a tsaye, da shan shayi, da amsa waya. Tafiyar da ta sa numfashi ya ƙaru wataƙila ba ta kai rabin awa ba.

Na biyu, muna haɗa gajiya da motsi. Direban tirelar da ya ɗauko shanu daga Bukuru zuwa Oko-Oba zai sauka jikinsa duk a mace, amma a zaune ya yi tafiyar. Haka ɗan acaɓa, haka mai gadin da ya kwana ido biyu, haka ɗan canji.

Na uku, gumi. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, lokacin hunturu kana iya tafiyar sauri mai nisa ba ka jiƙa riga ba. A Legas ko Fatakwal kuwa kana zaune a inuwa gumi na zuba. Idan gumi ne ma'auninka, to mutumin Agege zai ƙara wa kansa, na Daɗin Kowa ya rage wa kansa, alhali aiki ɗaya suka yi.

Na huɗu, kunya. Ba wanda ke son a ce masa malalaci, ballantana a gaban likita ko wata yarinya mai riƙe da takarda. Sai a ɗan ƙara gishiri.

Na biyar, wane sati aka tambaye ka? Satin jajibirin Babbar Sallah a kasuwar raguna daban yake da satin bayan Sallah. Ɗan ci-rani da damina yana gona da fartanya, da rani yana zaune a bakin get. Idan aka tambaye shi a Agusta aka sake a Fabrairu, za a samu amsa biyu masu nisa, kuma duk gaskiya ya faɗa.

Karkatar kuma ba kullum sama take yi ba. A kunnen Bahaushe, kalmar "motsa jiki" ƙwallo ce ko gudu ko ɗaga ƙarfe. Matar da ta yi shara, ta yi wanki, ta yi daka, ta ɗebo ruwa da goyo a baya, idan ka tambaye ta za ta ce maka ita ba ta motsa jiki, tana gida kawai. Mai ruwa da ke tura kura mai jarka goma zai ce shi sana'a yake yi. Kowa kuma ya san "nan kusa ne" na Bafulatani. Irin waɗannan ragewa suke yi.

Yadda ake gyaran

Masana ƙididdiga sun daɗe da wannan matsala. Wayne Fuller na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka ya rubuta littafi guda a kanta a 1987. A jami'ar ce kuma, tsakanin 2009 da 2011, aka yi wani babban bincike musamman don gyara amsar motsa jiki. Mutum sama da dubu aka ɗaura wa na'ura a damtse na tsawon awa 24, washegari aka kira su a waya su ba da labarin duk abin da suka yi jiya, sannan aka maimaita a wata rana daban.

Tunanin da ke ƙarƙashin aikin shi ne, amsar da mutum ya bayar abu huɗu ne a cakuɗe. Akwai gaskiyar motsin da ya saba yi, wadda ita ake nema. Akwai karkatar da kusan kowa ke yi. Akwai halinsa shi kaɗai, don wani mai zuzutawa ne, wani mai ragewa. Sai kuma sauyin rana da mantuwa. Na'ura ita ke tona karkatar jama'a. Maimaitawa kuma ita ke raba halin mutum da sauyin rana: idan ya zarce yau ya gaza gobe, rana ce, idan kullum zarcewa yake, halinsa ne.

Amfanin abin shi ne ba sai an ɗaura wa kowa na'ura ba. Masu kiwo sun san irin wannan dabara. Inda babu sikelin shanu, ana zagaya ƙirjin saniya da tef a karanta nauyinta a jiki. Tef ɗin yana aiki ne don wasu sun riga sun auna shanu da yawa da tef da sikeli duka biyu, suka fitar da alaƙar da ke tsakaninsu.

Bari in ba da misali. Lambobin nan nawa ne, na tsara su don bayani kawai. A ce an tambayi 'yan kasuwa 1,000 a wata Kara, aka zaɓi 100 da ƙuri'a aka ɗaura musu na'ura. Sai aka ga waɗanda suka ce minti 100 a sati, na'ura ta ba su 90 a matsakaici. Masu cewa 300 ta ba su 150. Masu cewa 500 ta ba su 210. Idan ka duba da kyau, duk ƙarin minti 200 na baki, ƙarin minti 60 ne a jiki. Ke nan ƙa'idar gyara ita ce: ɗauki kashi uku cikin goma na abin da mutum ya faɗa, ka ƙara 60. Da ita sai a gyara amsar sauran 900 ɗin. Ku lura da abu biyu. Wanda ya ce shi ba ya komai, lissafi ya ba shi minti 60, don ba a rasa motsi a jikin mai rai. Wanda kuma zai cika 150 na WHO, sai bakinsa ya kai 300.

Gyaran nan fa na taro ne. Ba zai gaya maka ainihin mintin wane ko wane ba, amma zai gaya wa hukuma kashi nawa na 'yan kasuwar ke cikin haɗari, kuma wannan lambar ce ake tsara aikin lafiya da ita. Idan baki ya ce yawancin mutanen zango lafiya lau suke motsi, ba wanda zai ga dalilin kawo musu gwajin hawan jini.

Albishir ɗin da ke ɓoye a ciki

Kuskuren awo yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: yana rage wa motsa jiki daraja a idon masu bincike. Mu koma misalinmu. Tsakanin masu cewa 100 da masu cewa 500, baki ya nuna tazarar minti 400. A jiki kuwa tazarar 120 ce, daga 90 zuwa 210. To idan aka ga rukuni na biyu sun fi ƙarancin hawan jini, mai binciken da bai yi gyara ba zai ce sai ka ƙara minti 400 kafin ka samu wannan sauƙi. Alhali minti 120 ne suka kawo shi. Ke nan amfanin kowane minti ya ninka abin da aka zata fiye da sau uku.

An ga irin wannan a zahiri. A 1990 masu bincike kan hawan jini suka lura cewa awo ɗaya na rana ɗaya yana ɓoye ƙarfin alaƙarsa da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Da suka yi gyara, alaƙar ta ƙaru da kusan kashi 60 cikin 100. A 2019 kuma Ulf Ekelund da abokan aikinsa suka haɗa binciken da aka yi da na'ura, suka ga alaƙar motsi da tsawon rai ta kai kusan ninki biyu na abin da amsar baki ta saba nunawa, kuma har motsi mara ƙarfi yana da nasa amfanin. Wato dai muna motsi ƙasa da yadda muke zato, amma ɗan abin da muke yi ya fi amfani fiye da yadda aka ɗauka.

Ita ma na'urar ba ta tsira ba

Kada a ɗauka na'ura ba ta kuskure. Tana ƙugu, don haka motsin ƙugu take gani. Ɗan dako da buhun masara a ka da wanda ke tafe hannu rabbana, kusan abu ɗaya za ta rubuta musu. Daka da wanki da fiɗar nama aikin hannu ne, yawanci yana wuce ta. Tuƙa keke ma haka. Girgizar babur a hanya mai ramuka kuwa tana iya sa ta ƙirga motsin da ba a yi ba. Sannan wanda ya san ana auna shi yakan ƙara ƙwazo a kwanakin.

Akwai kuma maganar iyaka, wato daga wane mataki za a ce motsi ya zama matsakaici. Iyakar da aka daɗe ana amfani da ita ta fito ne daga gwajin da Patty Freedson ta wallafa a 1998, a kan mutum 50 da ke tafiya da gudu a kan injin tafiya a Amurka. Ba cikinsu mai kama sa da igiya ko mai tura kura. Haka nan, wani ɓangare na waccan babbar tazara ta Ingila da Amurka ya zo ne daga tsohuwar ƙa'idar cewa sai motsi ya kai minti 10 a jere ake ƙirga shi, wadda WHO ta cire a 2020.

Awon da aka fi yarda da shi wajen sanin ƙarfin da jiki ya ƙona shi ne na ruwa mai alama. Ana ba mutum wani ruwa na musamman ya sha, a riƙa gwada fitsarinsa har sati ɗaya zuwa biyu. Nathan Lifson ne ya ƙirƙiro hanyar a shekarun 1950, Dale Schoeller ya fara amfani da ita a kan mutane a 1982, kuma an taɓa aiki da ita a karkarar jihar Oyo. Amma tana da tsada ƙwarai, kuma jimilla kawai take bayarwa, ba ta faɗin irin aikin da aka yi. Shi ya sa baki ke da nasa muhimmanci har gobe: shi kaɗai zai ce noma ne, ko dako ne, ko tafiya masallaci.

Darasin da ke nan shi ne, ƙa'idar gyaran da aka fitar a Iowa ba za ta zauna daidai a kan ɗan Lokpanta ba, kamar yadda tef ɗin da aka tsara da shanun Turai ba zai ba ka nauyin Bunaji daidai ba. Kowace jama'a sai an yi mata nata. Aikin Maiduguri mafari ne mai kyau, kuma mazauna zangon Kudu, da irin sana'o'insu da yanayinsu, sun cancanci a yi musu nasu.

Me ya shafe mu da wannan?

A 1953 wani likita a Landan, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas masu bene da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Morris bai tambayi kowa minti nawa ba, sana'arsu ce ta zama masa sikeli.

A nan tudun Jos ma, Robert Glew da Dorothy VanderJagt na Jami'ar New Mexico, tare da abokan aikinsu na gida, sun wallafa bincike a 2001 kan Fulani makiyaya. Duk da yawan nono da man shanu a abincinsu, kitsen jininsu ya nuna ƙarancin haɗarin ciwon zuciya, kuma masu binciken sun danganta hakan da yawan motsinsu da ƙarancin jimillar abin da suke ci.

Kakanninmu da ƙafa suke kora shanu zuwa Kudu, tafiyar makonni. Daga baya jirgin ƙasa ya karɓa, yanzu kuma tirela. A yau babban falke na iya sayen shanu, ya loda, ya sayar, ya karɓi kuɗinsa ta waya bai tashi daga kan tabarma ba. Daga Daɗin Kowa zuwa Kara ma keke napep muke hawa. Nama da tuwo da shayi mai madara suna nan yadda suke, har sun ƙaru. Sunan sana'ar bai canza ba, shi ya sa har yanzu muke ba likita amsar da ta dace da jikin kakanninmu.

Yi wa kanka awo

Ba sai ka jira masu bincike ba. Yawancin wayoyin zamani na ƙirga taku. Bar wayar a aljihun wando sati guda cur, har da ranar kasuwa da ranar hutu, kada ka canza komai a al'adarka. Kowane dare, kafin ka duba, fara cankar lambar da bakinka ka rubuta, sannan ka duba ta waya. Bayan kwana bakwai za ka san ko kai mai ƙarawa ne ko mai ragewa, da kuma nawa. Ka cire lokacin da kake kan babur, kuma idan aikinka na ɗaukar kaya ne ko na hannu, ka san wayar ta rage maka.

Ka daina auna kanka da gumi ko gajiya, koma wa numfashi. Idan kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, motsi matsakaici kake yi. A tafiya, wajen taku 100 ne a minti ɗaya, wato taku 3,000 a rabin awa. Rabin awa sau biyar a sati, ka cika 150. Kana iya rarraba shi: sauka daga mota kafin ka iso, tafi masallacin da ya ɗan fi nisa da ƙafa, zagaya garke da kanka maimakon aiken yaro. Mai ciwon zuciya ko wanda jininsa ya hau sosai ya fara jin ta bakin likita.

Idan likita ya tambaye ka, ba shi labarin jiya dalla-dalla: ƙarfe nawa ka fita, da me ka tafi, awa nawa ka zauna. Labarin jiya ya fi "kullum" kusa da gaskiya, don ƙwaƙwalwa ba ta riga ta shafe shi ba. Mata kuma ku lissafa daka da wanki da ɗiban ruwa, duk motsi ne. Haka idan masu bincike suka shigo unguwa da takarda, ta hanyar Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, a ba su amsa yadda take. Ba jarrabawa ba ce da za a ci ko a faɗi, kuma da lambar da kuka bayar za a yanke shawarar abin da za a kawo muku.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka.